Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Gane Ciwon Kumburin Fata Ba Tare da Tsaga Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuskure da na tafka a hutun da ya wuce, wanda ya jawo wa kakata wahala, ya kuma jawo wa mahaifina asarar kuɗi. Da na bi diddigin kuskuren sai na tarar ashe har manyan likitoci sukan faɗa cikinsa, kuma masana sun daɗe suna neman na'urar da za ta taimake su kauce masa. Amma kafin in kai ga na'urar, bari in fara daga inda abin ya samo asali.

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, abokina da muke gado ɗaya, shi a ƙasa ni a sama, ya wayi gari yana ɗingishi. Shi dai mutum ne mai son ƙwallo, kuma ba ya sa takalmi in zai buga. Dunduniyarsa duk faso, ga cin ruwa a tsakanin yatsu saboda jiƙar wurin wankanmu. Ranar farko muka yi masa dariya. Ran ta biyu ƙafarsa ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har tsakiyar ƙwauri, tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Da dare ya yi zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ko mayafi ya taɓa wurin sai ya yi ƙara.

Nan fa ɗakin kwana ya cika da masana. Wani ya ce ai taka wani abu ya yi a bayan fili. Wani ya ce daji ne. Wani kuma, wanda kakansa wanzami ne, ya ce a kawo reza a yi masa sakiya mugunya ta fita. Allah ya sa shugaban ɗakinmu ya hana, da asuba muka goya shi zuwa ɗakin shan magani. Malamin asibiti bai yi wata doguwar magana ba. Ya sa bayan hannunsa a ƙafar dama, ya sa a ta hagu, ya sake komawa ta dama. Sa'an nan ya zaro biro ya zana layi a jikin fatar, ya kewaye iyakar kumburin, ya rubuta lokaci a gefe. Kafin motar makaranta ta kai shi asibitin gari kumburin ya ƙetare layin. Likita ya ce sunan ciwon selulaitis. Aka kwantar da shi kwana 3 ana ɗura masa magani ta jijiya, aka sallame shi da ƙwayoyi. Bayan mako 2 ya koma fili, amma da takalmi.

To, mene ne selulaitis? Fatar mutum hawa-hawa ce. Akwai ta sama wadda muke gani, akwai ta ƙarƙashinta mai jijiyoyin jini, sa'an nan akwai kitse. Ta saman nan ita ce katangar jiki. A kanta akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, kuma muddin katangar ba ta tsage ba, ba su da ta yi. Amma in aka sami kafa, ko faso, ko cin ruwa, ko cizon ƙwaro da aka sosa, ko ƙaramin rauni, sai su kutsa ciki su yi ta yaɗuwa a hawa na biyu da cikin kitse. Iri 2 ne suka fi yin wannan ɓarna, watau streptokokus da stafilokokus. Jiki kuwa ba ya zura ido. Sai ya buɗe jijiyoyin wurin ya turo jini mai yawa da fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi. Wannan jinin da ya taru shi ke kawo zafi da ja, ruwan da ya tsattsafo daga jijiyoyi kuma shi ke kawo kumburi da raɗaɗi. Ciwon ya fi kama ƙafa, kuma galibi ƙafa ɗaya. Masu ciwon sukari da masu tundurmi da masu ƙiba sun fi saurin kamuwa. In an ba da magani da wuri yakan warke sarai, in kuwa an yi sakaci ƙwayoyin kan shiga jini, har a rasa rai.

Da aka ba mu hutu na koma gida ina ji da kaina, don a ganina na zama rabin likita. Na shiga gaida kakata na same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Duka biyun sun kumbura daga idon sawu zuwa sha-raɓa, fatar ta yi baƙi ƙirin tana ɓarewa, tana ta susa. Ta ce, "Maigidana, ka ga yadda ƙafafun nan suka hana ni zuwa ko'ina." Ban tsaya tambaya ba na ce, "Iya, ai na san wannan ciwo, irinsa abokina ya yi." Na je na tsorata Baba da labarin yadda ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Shi kuwa da ya ji Turanci a bakin ɗan makaranta, sai ya ba ni kuɗi na tafi kemis na sayo kafso na kwana 7. Iya ta sha duka saboda ni. Ƙafafu ba su saɓe ba ko kaɗan, sai ma gudawa da ta kama ta, ta rame, ta kasa cin tuwo.

Ana cikin haka Yayata, wadda ke aikin nas a wani gari, ta zo ganin gida. Da ta ji abin da na yi ta kira ni gefe ta ce, "Kai, ƙafa nawa abokinka ya kumbura?" Na ce ɗaya. "Cikin kwana nawa?" Na ce biyu. "Da zazzaɓi?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To, Iya fa? Ƙafa biyu, shekara da shekaru, ba zazzaɓi, ƙaiƙayi ya fi ciwo. Ka ma taɓa ƙafar ka ji ko da zafi?" Na sunkuyar da kai, don ban taɓa ba. Washegari muka kai ta asibiti. Likita ya auna zuciyarta da fitsarinta, ya duba ƙafafun, ya ce jijiyoyin da ke mayar da jini sama zuwa zuciya ne suka gaji. A cikinsu akwai 'yan ƙananan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa, in tsufa ya sassauta su sai jini ya riƙa kwanciya a ƙafa, fata ta kumbura ta yi duhu. Babu wata ƙwayar cuta da kafso zai kashe. Ya ce ta riƙa ɗora ƙafafu a kan matashi in ta kwanta, ta riƙa ɗan tattaki, a naɗe mata su da bandeji mai matsewa, ya kuma rubuta man shafawa. Cikin 'yan makwanni ta sami sauƙi.

Kunya ta kama ni ƙwarai. Da Yaya ta ga na damu sai ta ce in kwantar da hankalina, wannan ruɗani tsohon abu ne a aikin likita, ta kuma ba ni abubuwan da zan karanta. A nan na gano cewa tun ƙarni na 1 wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomi 4 na kumburi: ja, da tashi, da zafi, da raɗaɗi. Shekara wajen 2,000 ke nan, amma har yau da waɗannan alamomi likita ya fi dogara wajen gane selulaitis. Dalili kuwa shi ne babu wani awo guda da zai yanke hukunci. In aka ɗebi jini aka shuka shi a ɗakin bincike, da wuya ƙwayar ta tsiro. In aka goga auduga a kan fata, abin da ke sama kawai za a kwaso, alhali ɓarnar tana ƙasa. Ga kuma cututtuka da dama masu kama da shi: kwanciyar jini irin ta kakata, da gudan jini da ya toshe babbar jijiyar ƙafa, da borin fata saboda wani sabulu ko magani, da ciwon gaɓa mai sa babban yatsa kumbura.

A shekarar 2017 wasu likitocin fata na birnin Bostan a Amurka suka buga sakamakon wani bincike. Sun duba takardun mutum 259 da aka kwantar a asibiti da sunan selulaitis na ƙafa, suka tarar 79 daga cikinsu wata cuta daban ce ke damunsu. Watau kusan mutum 1 cikin kowane 3. Suka ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai wannan kuskure kan sa a kwantar da mutum 50,000 zuwa 130,000 a banza kowace shekara, a kashe dala miliyan 195 zuwa 515. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Maganin kashe bakteriya yana kashe har da masu amfani da ke cikin hanji, abin da ya jawo wa Iya gudawa ke nan. Kuma duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta na ƙara koyon jure masa, har ran da za a neme shi da gaske ya ƙi ci.

Mu baƙaƙen fata muna da ƙarin matsala. Alamar farko ta Selsus, watau ja, a jikin Bature take fitowa ɓaro-ɓaro. A jikinmu sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi ƙyalli. Ƙafar abokina ba ta yi ja ba ko kaɗan. Littattafan koyon likita kuwa da yawansu hotunan farar fata suka fi nunawa. Wannan ne ya sa a shekarar 2020 wani ɗalibin likita a Jami'ar St George's ta Landan, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafi mai nuna yadda cututtuka ke bayyana a baƙar fata. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ciwo dai kimar ido takan gaza, sai an nemi mudun.

Mudun farko da masana suka gwada shi ne kyamarar zafi. Malaminmu na kimiyya ya bayyana mini tushenta. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa 3, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙaru. Ashe akwai wani haske a wurin da idon mutum ba ya iya gani. Shi ake kira infared. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi, da tukunya da bango da jikin mutum, kuma gwargwadon zafin abu gwargwadon yawan abin da yake fitarwa. Dukanmu mun san ɗan abin nan mai kama da bindiga da aka riƙa auna mana a goshi a ƙofar makarantu da bankuna lokacin annobar korona ta 2020. To, wannan haske yake aunawa, sai dai shi wuri ɗaya tak yake dubawa. Kyamarar zafi kuwa tana auna dubban wurare a lokaci guda ta mai da su hoto: inda ya yi zafi ya fito fari ko ja ko rawaya, inda ya yi sanyi ya fito shuɗi. A da irin wannan kyamara babba ce mai tsada, ta sojoji da manyan masana'antu. Daga shekarar 2014 aka fara sayar da ƙanana da ake maƙalawa a jikin wayar hannu.

Ga yadda ake aiki da ita. Majinyaci zai buɗe ƙafafunsa duka biyu ya ɗan zauna su sha iskar ɗakin. Likita zai tsaya nesa kaɗan ya ɗauki hoton wurin da ya kumbura, ya ɗauki daidai wannan wuri a ɗaya ƙafar, ya gwada su. Ba allura, ba tsaga, ba ma a taɓa fatar, kuma kyamarar ba ta harba komai a jiki, karɓa kawai take yi. Ku lura, wannan shi ne ainihin abin da malamin asibitinmu ya yi da bayan hannunsa, sai dai hannu ba ya ba da lamba, kuma hannun wani ya fi na wani ji. Wani abin farin ciki gare mu shi ne, fata baƙa da fara kusan daidai suke fitar da wannan haske, saboda haka duhun fata ba ya rufe wa kyamarar ido.

A shekarar 2018 likitocin Bostan suka buga abin da suka samu da suka gwada ta. A masu selulaitis na gaske, wurin ciwo ya ɗara takwaransa na ɗaya ɓangaren da kimanin digiri 3.7 a ma'aunin Salshiyas. A masu cututtukan da ke kama da shi kuwa bambancin bai wuce digiri 0.2 ba a matsakaici. Suka sa iyaka a digiri 0.47, suka ga kusan duk masu selulaitis sun haye wannan iyaka. Amma fa akwai cikas: wajen rabin waɗanda ba su da ciwon su ma sun haye ta. Ma'anar wannan a fili take. In kyamara ta nuna ƙafafu biyu zafinsu ɗaya, to likita ya dakata da allura ya nemi wata cutar. In kuwa ta nuna ɗaya ta fi zafi, ba ta faɗi abin da ya kawo zafin ba, domin gudan jini da ciwon gaɓa su ma suna ɗumama wuri. Haka kuma wanda ya fito daga rana, ko ya tashi daga gindin murhu, ko ya lulluɓe ƙafa ɗaya da bargo, zai iya ruɗa ta.

Saboda haka ake haɗa ta da wani ɗan lissafi mai suna ALT-70, wanda aka fitar a 2017 domin manya. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, maki 3. In shekarun mutum sun kai 70, maki 2. In bugun zuciya ya kai 90 a minti, maki 1. In fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, maki 1. Wanda ya sami 5 zuwa 7 ana kyautata zaton selulaitis ne, wanda ya sami 0 zuwa 2 kuwa a sake duba shi. Da na lissafa wa Iya, wadda bugun zuciyarta daidai yake, sai na ga makin tsufa kaɗai na tabbatar mata, domin manyan maki 3 na ƙafa ɗaya ba ta da su. A 2024 wasu likitoci a jihar Wiskonsin ta Amurka suka sake gwada kyamarar da lissafin, suka ga haɗa su biyu ya fi rage laƙaba wa mutum ciwon da ba shi da shi. Duk da haka kyamarar tana matakin gwaji ne, ba ta zama kayan aikin yau da kullum a yawancin asibitoci ba.

Mudu na biyu kuwa iyayenmu mata sun san shi sarai, watau na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita. Ita da sauti take aiki. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na'urar kuwa tana aika mai kaɗawa miliyoyi. Ana shafa wani ruwa mai yauƙi a fata, a ɗora kan na'urar, sautin ya shiga ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kamar yadda jemage ke gane hanya a duhu. Na'urar ta mai da amsa-kuwwar hoto. A ƙafa mai selulaitis kitsen da ke ƙarƙashin fata yakan fito gutsure-gutsure, da baƙaƙen layukan ruwa a tsakaninsu, kamar ƙasar fadama da ta bushe ta tsattsage. Sai dai kowane kumburi mai tara ruwa kan iya fitowa haka. Babban amfaninta shi ne gano mugunya. In ta taru wuri ɗaya ta zama ƙurji a ciki, za a ga wani baƙin aljihu, kuma wannan sai likita ya tsaga ya fitar, magani kaɗai ba ya isa. In babu aljihun, tsaga ba ta da amfani sai ƙarin rauni. An yi wa abokina wannan hoto ba a ga mugunya ko ɗigo ba. Da mun bi shawarar jikan wanzami, da mun buɗe wa ƙwayoyin cuta sabuwar ƙofa da reza mai datti. Da wannan na'ura kuma ake duba jijiyoyi a ga ko gudan jini ya toshe su, wanda shi ma ciwo ne mai kisa in ya ɓalle ya tafi huhu.

To, me ya rage gare mu da ba mu da kyamara a ɗakin kwana? Na farko, mu tsare katanga. Mu sa silifa a wurin wanka, mu tsane tsakanin yatsu, mu shafa mai a dunduniya da hunturu, mu wanke kowane rauni da ruwa da sabulu. Na biyu, in ƙafa ta kumbura mu yi tambayoyin da Yaya ta yi mini: ɗaya ce ko biyu, yaushe ta fara, akwai zazzaɓi? Mu sa bayan hannu mu gwada ta da 'yar'uwarta, mu zana iyakar kumburin da biro. Na uku, in kumburin yana ƙetare layi, ko akwai zazzaɓi da rawar sanyi, ko raɗaɗin ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fatar ta fara yin bororo, to a tafi asibiti a wannan rana, kada a jira gobe. Na huɗu, kuma wannan roƙo ne ga iyayenmu: kada a sayo kafso a kemis don kawai ciwon ya yi kama da na wani, ko da kuwa ɗan makaranta ne ya ba da shawara da Turanci.

Iya dai ta yafe mini, amma har yanzu in na shiga gaishe ta sai ta janye ƙafafunta ta ce, "Ga likita bokan Turai nan, a ɓoye kuɗin cefane." Ni kuwa na ƙudura in Allah ya ba ni nasara a jarrabawa zan karanta aikin likita, don in cancanci sunan da gaske. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Daga wani ɗalibi, Aji Biyar.